Yaushin Tumatir a Lambun Gida: Gano Musabbabi Kafin Sayen Magani

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan noman lambu a bayan gida ya ƙara karɓuwa a biranen ƙasar nan. Ma'aikaci da ɗan fansho da uwargida, duk wanda ya samu ɗan fili ko da taku goma ne, za ka tarar ya kafa tumatir da tattasai da alayyafo. Wasu sha'awa ce ta sa su, wasu kuwa tsadar kayan miya ce ta koya musu, musamman tun shekarar 2016 lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta lalata gonakin tumatir a jihohin arewa da dama, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na wannan shekara.

Daga cikin koke-koken da masu irin wannan lambu ke kawo mana, babu wanda ya kai na yaushi yawa. Kusan kalma ɗaya ake faɗa: tumatir ya taso lafiya, ya fara fure, sai aka wayi gari ya langaɓe, wane magani za a fesa? Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa mutane daɗi, domin sau da yawa babu maganin feshin da zai yi aiki. Abubuwa aƙalla biyar ne ke sa tumatir yaushi, dukkansu a cikin ƙasa ko a gindin shuka suke, alhali feshi a kan ganye yake sauka. Abin da kake buƙata da farko shi ne wuƙa mai kaifi, da tambulan na ruwa mai tsabta, da fartanya, da minti goma na lokacinka.

Na taɓa ziyartar lambun wani dattijo a Ibadan wanda ya shuka gindi arba'in a bayan gidansa bayan ya ajiye aiki. Kafin in isa ya riga ya fesa magani iri huɗu cikin mako biyu, biyu na ƙwari, biyu na fumfuna, kowanne bisa shawarar mai shagon da ya sayar masa. Gindi tara suka rage a tsaye. Kuɗin da ya kashe a kan magungunan sun isa su saya masa iri mai juriya da sabuwar ƙasa, kuma yana ta tsinkar alayyafon da ke gefe ana miya da shi ba tare da ya lura feshin na sauka a kansa ba.

Abin da ya bambanta kudu da arewa

Idan a arewa ka koyi noman tumatir sannan ka zo kana yi a Ibadan ko Legas ko Benin, ka san cewa ƙasar ba ɗaya ba ce. Mafi yawan tumatirin arewa na rani ne, ana renonsa cikin sanyin hunturu da busasshiyar iska, kuma manomi ne ke iko da ruwan da zai shiga komi. A Ibadan kuwa damina kan faro tun wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara ya kan kai milimita 1,200 ko fiye, na Legas ma ya zarce haka. Ƙasa ta kan daɗe da ɗumi da laima a lokaci guda, wanda shi ne yanayin da cututtukan cikin ƙasa suka fi so. Saboda haka irin da ya yi maka kyau a Kadawa, kamar UC82B ko Roma VF, zai iya mutuwa ƙurmus a nan kafin ka tsinki ɗa ɗaya. Manoman damina a arewa ma ba su tsira ba, musamman a fadamar da ruwa ke kwanciya.

Fara da ruwa

Kafin ka zargi wata cuta, tura yatsanka cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan ta bushe, ƙishirwa ce, ka ba da ruwa da yamma, gobe da safe za ka ga shuka ta miƙe. Idan kuwa ƙasar ta jiƙe sharkaf kuma shuka na yaushi, to kada ka ƙara ruwa. Saiwa na numfashi kamar yadda ganye ke yi, kuma ruwan da ya kwanta a gindin tumatir kwana biyu ko uku ya isa ya shaƙe ta. Wannan ya fi samun masu shuka a bokiti ko buhu waɗanda suka manta huda ƙasansa. Haka nan kashin kaji ɗanye, ko takin yuriya da aka zuba dab da kara, yakan ƙone saiwa ya jawo yaushi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka tuna abin da ka zuba wa shukar a makon da ya wuce.

Daga nan ka durƙusa ka dubi gindin kara daidai inda ya haɗu da ƙasa. Idan ka ga wurin ya ruɓe, da farin abu kamar zaren auduga ya lulluɓe shi, da wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa kamar irin kabeji, to fumfunar da masana ke kira Sclerotium rolfsii ce. Ka tuge shukar tare da ƙasar da ke kewaye da gindinta ka fitar daga lambu, domin waɗannan ƙwayoyi su ne irin cutar, kuma suna daɗewa a ƙasa. Nan gaba idan za ka lulluɓe ƙasa da ciyawa, ka bar tazarar faɗin tafin hannu tsakaninta da kara.

Gwajin tambulan

Idan gindi lafiya yake a waje, ƙasa kuma da laima daidai, sai a koma cikin kara. A nan ne mafi munin cututtukan yake, wato yaushin bakteriya, wanda ƙwayar cuta mai suna Ralstonia solanacearum ke haddasawa. Wani masani ɗan Amurka, Erwin F. Smith, ya bayyana ta tun shekarar 1896, amma har yau ba a samu maganin da za a fesa wa shukar da ta kamu ta warke ba.

Alamarta ta farko ita ce shuka na yaushi alhali ganyenta kore shar, bai yi rawaya ba. Ganyen sama masu taushi ne ke fara langaɓewa da tsakar rana, su ɗan farfaɗo da dare, bayan kwana biyu ko uku kuma shukar gaba ɗaya ta kwanta ba ta sake tashi ba. Yawanci hakan na faruwa ne daidai lokacin fure ko farkon 'ya'ya, lokacin da mai lambu ya fara sa rai. Ƙwayar cutar na shiga ta raunin da ke jikin saiwa, ko na dashe, ko na fartanya, ko na tsutsa. Idan ta shiga sai ta hayayyafa cikin hanyoyin da ke kai ruwa sama, ta fitar da wani abu mai yauƙi ya toshe su. Shukar na tsaye cikin ruwa amma ƙishirwa ke kashe ta. Cutar ta fi ƙarfi idan zafi ya kai digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyas kuma ƙasa na jiƙe.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka yanko guntun kara daga gindin shukar da ke yaushi amma ba ta riga ta bushe ba, tsawonsa kamar santimita 5 zuwa 10. Ka wanke ƙasar da ke jikinsa. Ka cika tambulan na gilashi da ruwa mai tsabta, ka rataya guntun yadda bakin da aka yanka zai nutse kaɗan cikin ruwan ba tare da ya taɓa ƙasan tambulan ba. Tsinke ko waya da aka soke ta jikinsa za su riƙe shi. Kada ka girgiza. Ka sa tambulan inda haske ke ratsa shi ka jira minti uku zuwa biyar. Idan bakteriya ce, za ka ga wani farin abu kamar hayaƙi yana zubowa daga bakin karan, siriri kamar zare, yana gangarawa ƙasa, daga baya ruwan ya yi kamar an ɗiga masa madara. Babu wata cutar yaushi ta fumfuna da ke yin haka.

Wannan gwaji muka yi a gidan dattijon nan, a kan teburinsa na shan shayi. Da ya ga farin zaren na sauka sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko za a iya zuba maganin a cikin ƙasa tunda na ganye bai yi ba. Na gaya masa ba za a iya ba.

Idan ruwan bai nuna komai ba, ka tsaga wani guntun kara a tsaye. Idan ka ga layi mai ruwan ƙasa yana bin ƙarƙashin fatar kara zuwa sama, kuma ka lura ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya, sau da yawa a gefe ɗaya na shukar, to yaushin Fusarium ne. Wannan fumfuna ce, tana kisa a hankali cikin makonni, kuma tana iya zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Sauƙinta shi ne nau'in da ke kama tumatir, tumatir kaɗai yake kashewa, kuma irin da ke jure mata ba ya wuyar samu.

Tono saiwa

Mataki na ƙarshe shi ne ka tono shuka ɗaya da fartanya, kada ka fizge ta, ka wanke saiwar a bokiti. Saiwa mai lafiya fara ce, sumul, mai yawan gashi. Idan ka ga ta yi ƙulle-ƙulle da kumburi kamar carbi, to tsutsar saiwa ce da ake kira nematod, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin bincike. Shukar da ta kamu takan tsumbure, ta yi fari-fari kamar taki ya gaza mata, ta yi yaushi da rana ta farfaɗo da yamma, ta daɗe a haka ba ta mutu ba kuma ba ta yi 'ya'yan kirki ba. Ta fi yawa a ƙasa mai yashi. Mace ɗaya na saka ƙwai ɗaruruwa, kuma a ƙasa mai ɗumi cikin mako uku zuwa huɗu sabon zubi ya balaga. Kada ka rikita wannan kumburi da ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake ko gyaɗa. Na wake masu amfani ne, a gefen saiwa suke manne, kana murzawa za su faɗo. Na nematod kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Sau da yawa za ka tarar da nematod da bakteriya a shuka ɗaya, domin raunin da tsutsar ke yi shi ne ƙofar da bakteriya ke bi.

A nan ina so in ja kunnen masu lambun gida game da maganin nan mai kama da yashi, karbofuran, wanda ake barbaɗawa a gindin shuka don kashe nematod. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rukunin magunguna masu haɗari ƙwarai. Shuka na tsotse shi, yana kashe kaji da tsuntsaye, yana kuma iya gangarawa rijiya. Ba shi da muhalli a filin da yara ke wasa kuma ake tsinkar ganyen miya kullum.

Abin yi bayan an gano

Shukar da bakteriya ko Fusarium ya kama ba ta da magani. Aikinka yanzu shi ne ceton sauran da kuma ceton ƙasar. Ka tuge wadda ta kamu tare da ƙasar gindinta, ka sa a buhu, ka fitar ka ƙone. Kada ka jefa ta cikin ramin takin gargajiya, kada kuma ka jefa a rafi ko kwata, domin bakteriyar na rayuwa cikin ruwa, kuma wanda ke ɗiba a ƙasa da kai zai kwashe ta zuwa lambunsa. Ka datse hanyar ruwa yadda ba zai bi ta ramin ya wuce zuwa sauran shuke-shuke ba. Wuƙa da fartanya kuma a wanke su daga ƙasa, a jiƙa su cikin ruwan bilic na wanki, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, sannan a ɗauraye.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cire tumatir ya maye gurbinsa da tattasai ko attaruhu. Dangi ɗaya ne, kuma bakteriyar na kama su duka: tumatir, tattasai, attaruhu, barkono, gauta, yalo, dankalin Turawa da taba. An san tana kama tsirrai fiye da nau'i 200, har da ciyayi irin su gautan kaji da ke fitowa da kansu a gefen lambu. Wurin da cutar ta bayyana a ba shi hutun shekara uku zuwa huɗu daga wannan dangi, a riƙa shuka masara ko dawa a ciki. Ko da haka, hutu rage cutar yake yi, ba ya kawar da ita ɗungurungum. Idan nematod ce matsalar, ka guji bin tumatir da kuɓewa, domin ita ma abincinta ce. Masara, da furen marigol idan aka cika wurin da shi har tsawon wata biyu ko fiye, da yawan ruɓaɓɓen taki, da tunkuzar 'ya'yan darbejiya, duk suna rage ta. Gindi biyu ko uku na marigol a bakin komi ado ne kawai.

To amma wanda filinsa bai wuce taku goma ba, ina zai koma har shekara huɗu? A ganina mafita mafi sauƙi gare shi ita ce ya bar ƙasar gidan ya koma buhu. Ka samo ƙasa daga inda ba a taɓa shuka dangin tumatir ba, ka haɗa kashi biyu nata da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da kashi ɗaya na yashi. Ka yayyafa mata ruwa ta yi laima, ka zuba a rabin duro, ka rufe, ka hura wuta a ƙasa. Daga lokacin da tururi ya fara fita ta sama ka ƙirga minti 30, sannan ka sauke ka bar ta ta huce sarai. Turara ta ake so, ba ƙona ta ba. Ka huda buhunan, ka ɗora su a kan bulo ko leda mai kauri don kada saiwa ta ratsa ta taɓa tsohuwar ƙasa, kada kuma ruwan sama ya kwararo musu daga ƙasa. Ƙasar renon iri ma haka za a yi mata, domin dashe da yawa tun daga wurin reno suke ɗauko cuta. Saboda wannan dalili ne ba na son sayen dashen da aka tuge aka ɗaure a bakin hanya, wanda ba a san ƙasar da ya fito ba.

Akwai kuma gasa ƙasa da rana: a jiƙa komi, a lulluɓe shi da farar leda mai nuna ciki, a binne bakinta, a bar shi mako huɗu zuwa shida a lokacin da rana ta fi zafi. Yana rage nematod da fumfuna a saman ƙasa. Ya fi aiki a bazarar arewa fiye da kudu inda hadari ke yawan rufe rana, kuma kada a dogara da shi kaɗai a kan bakteriya.

Karanta jikin fakitin iri

Kamfanonin iri na rubuta haruffa a jikin fakiti ko gwangwani waɗanda ke nuna cututtukan da irin ke jurewa, amma kaɗan ne ke duba su. Harafin F ko Fol na nufin Fusarium. V na nufin wata cutar yaushi, Verticillium, wadda ta fi son wurare masu sanyi. N, ko Ma, Mi, Mj, na nufin nematod. BW ko Rs shi ne yaushin bakteriya. Ka ga ke nan Roma VF da mutane da yawa suka saba da shi an kare shi daga biyu ne kawai, babu bakteriya a ciki. Idan a kudu kake, ko za ka yi noman damina, ka nemi wanda ke ɗauke da BW ko Rs. Sai dai ka sani juriya ba sulke ba ce. Inda cutar ta yi katutu iri mai juriya ma na iya faɗuwa, kuma juriyar nematod da ke cikin yawancin irin tumatir takan yi rauni idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa na taimakawa wajen sanyaya ta.

Ga mai haƙuri da son gwaji, akwai auren tumatir, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo. Ana yanke kan tumatirin da ake so a ɗora shi a kan gindin wani mai juriya. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan ta daɗe tana ba da shawarar gindin yalo mai lamba EG203 da gindin tumatir mai suna Hawaii 7996 don wannan aiki. Ana yi ne tun dashe na ƙanana, lokacin da kaurin karan biyu ya zo ɗaya. A yanka kowanne a karkace da sabuwar reza, a haɗa su da ɗan bututun roba, a ajiye a inuwa mai laima kamar mako guda kafin a fara fito da su rana sannu a hankali. Wajen dashe a tabbata mahaɗar na sama da ƙasa, in ba haka ba kan zai fitar da saiwarsa ya ɗauki cutar. Ba kowane yalo ko gauta ke da juriya ba, sai wanda aka gwada. Kuma kada wani ya yi gangancin amfani da zaƙami a matsayin gindi don ya ga dangi ɗaya ne kuma yana da ƙarfi, domin dafinsa na hawa har cikin 'ya'yan tumatir.

Ga malaman gona

Idan manomi ya kawo muku kukan yaushi, kada ku rubuta masa sunan magani daga ofis. Ku je ku gani, ko ku sa ya kawo shukar. Tambayoyi huɗu na rage rabin aikin: ganyen kore ne ko rawaya lokacin da ya langaɓe, kwana nawa shukar ta ɗauka kafin ta mutu, me aka shuka a wurin bara, kuma daga ina ruwan ban ruwa ke zuwa. Ku lura da yadda cutar ke tafiya a fili. Idan tana bin layi daga gindi zuwa na kusa da shi ta hanyar da ruwa ke gangarawa, ku fara zargin bakteriya. Idan wani yanki ne ya tsumbure kamar tabo a tsakiyar gona, ku tono saiwa. Ina ba da shawarar ku riƙa yin gwajin tambulan a gaban manoma a ranar taro, kowa ya riƙe tambulan ya gani da idonsa, domin wanda ya ga farin zaren nan sau ɗaya ya fi saurin yarda ya tuge shukarsa fiye da wanda aka gaya wa da baki.

Inda alamomi suka cakuɗe kuka kasa rarrabewa, ku aiko da samfur zuwa ɗakin bincike mafi kusa. A zaɓi shukar da ta fara yaushi, kada a aiko da wadda ta bushe ko ta ruɓe. A tono ta da saiwarta da ƙasar da ke jiki kamar cikin gwangwanin madara biyu. A ɗaure saiwar da ƙasar cikin leda, a naɗe ganyen da takardar jarida, a kiyaye shi daga rana da zafin bayan mota, a kuma isar da shi cikin kwana biyu. A haɗa da takarda mai ɗauke da sunan irin, da ranar dashe, da ranar da aka fara ganin alamar, da duk takin da maganin da aka riga aka zuba.